Gado da Shigege a Tsarin Matsayi na Rasha, 1722-1917

A nazarin zaman Hausawa, M. G. Smith ya bambanta sana'ar karda, wato wadda mutum ya gada, da ta shigege, wadda ya shiga da ƙoƙarin kansa. Wannan rabe-raben yana taimakawa wajen fahimtar Rasha ta zamanin sarakuna, inda doka ce da kanta ta kasa jama'a gida huɗu: masu sarauta, da malaman coci, da mutanen birni (fatake da masu sana'ar hannu), sa'an nan manoma. Gidan da aka haifi mutum shi ke yanke harajinsa da aikin sojan da ke kansa. Manoma su ne mafi rinjaye, kuma kafin Sarki Alekzanda na Biyu ya 'yanta su a 1861, fiye da miliyan 20 daga cikinsu bayin gona ne na masu sarauta. Ƙidayar 1897 ta nuna manoma sun kai kashi 77 cikin ɗari, masu sarauta kuwa ba su cika kashi 2 ba.

Duk da haka akwai ƙofar shigege. A 1722 Sarki Bitrus na Ɗaya ya kafa Jadawalin Muƙamai mai hawa 14, na soja da na farar hula da na fada, hawa na 1 ne ƙololuwa. Ma'aikacin da ya kai hawa na 8 sai ya shiga sahun masu sarauta, 'ya'yansa su gaje shi. Ta haka shigegen uba ya kan zama kardar ɗa. Da masu shigowa suka yawaita, sai aka ƙuntata ƙofar: aka mayar da sharaɗin hawa na 5 a 1845, sa'an nan na 4 a 1856.

Alal misali, Iliya Uliyanof ɗan wani tela ne na Astarakan wanda aka haifa cikin bautar gona. Ilimi ya kai shi ga shugabancin makarantun lardin Simbirsk, ya taka hawa na 4, ya sami sarautar gado. Ɗansa shi ne Lenin, wanda gwamnatinsa ta soke gidajen nan da muƙaman baki ɗaya a watan Nuwamba na 1917.

Abin lura ga mai nazari shi ne, inda hukuma ce ke riƙe da ƙofar da ke tsakanin gado da shigege, ita ke faɗaɗa ta ko ta ƙuntata ta gwargwadon bukatarta ta ma'aikata.