Masana Awon Cikin Ƙasa da Na Rijiya: Darajar Aikinsu da Amfaninsa Ga Masarautar Haɗeja

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin da ake haƙa rijiyar burtsatse ya san hankalin jama'a kan koma ne wajen injin haƙa da masu riƙe da shi. Ba kasafai ake lura da mutumin da ke tsugune a gefe yana murza yashi da laka a tafin hannunsa yana rubutu a littafi ba, alhali kuwa sau da yawa shi ne ke sanin ko rijiyar za ta yi shekara ashirin tana ba da ruwa ko za ta ƙafe kafin bazara ta biyu. Ilimin da yake aiki da shi, shi ne dai wanda ake neman man fetur da shi a Neja-Delta da Kolmani da Agadem. Manufar wannan bayani ita ce a fahimtar da jama'ar karkara da jami'an ƙananan hukumomi yadda wannan aiki yake, da matakan da ake bi kafin a kira mutum ƙwararre a cikinsa, da kuma dalilin da ya sa ya shafi ƙasar Haɗeja kai-tsaye.

Yadda ake auna ƙasa daga sama

Aikin ya kasu gida biyu. Na farko shi ne auna abin da ke ƙarƙashin ƙasa tun ba a haƙa ba. Masu neman mai sukan girgiza ƙasa da wata babbar mota ko da ɗan nakiya, girgizar ta nutsa, ta bugi shimfiɗun duwatsu, sannan ta dawo kamar amsa-kuwwa. Dubban ƙananan na'urorin saurare da aka jera a fili su ne ke ɗaukar wannan amsa, daga nan a zuba ta cikin kwamfuta domin a fitar da hoton yadda duwatsun suke kwance a zurfin kilomita uku ko huɗu. Masu neman ruwa kuwa sun fi amfani da wutar lantarki: sukan kafa sandunan ƙarfe huɗu a jere, su tura wuta cikin ƙasa ta biyun da ke gefe, su auna ta a biyun da ke tsakiya, domin yumɓu da yashi da dutse kowanne da irin turjiyar da yake yi wa wuta.

Yadda ake auna cikin rijiya

Na biyu shi ne awon cikin rijiya bayan an haƙa ta. Akan ɗaura na'ura a bakin waya a zura ta har ƙasan rami, sannan a riƙa janyo ta sannu a hankali tana aiko da bayani kan kowace shimfiɗa da ta wuce. Yumɓu ba ya yi wa wuta turjiya sosai, yashi mai ɗauke da ruwan daɗi yana yi fiye da shi, ruwan gishiri ko na kanwa yana sakin wuta ta wuce cikin sauƙi, man fetur kuwa yana tare ta. Akwai kuma wani haske marar ganuwa da ake kira gama, wanda yumɓu ke fitarwa da yawa, yashi mai tsabta kuwa kaɗan. Idan aka haɗa waɗannan awon a doguwar takarda, masani zai iya nuna daga mita kaza zuwa mita kaza ne ruwa ko mai yake.

An fara wannan awo ne ranar 5 ga Satumba, 1927, a filin mai na Pechelbronn da ke ƙasar Faransa, da na'urar da wasu 'yan'uwa biyu, Conrad da Marcel Schlumberger, suka ƙirƙiro. A shekarar 1942 wani injiniyan kamfanin Shell a Amurka, Gus Archie, ya fitar da lissafin da ake gane yawan ruwa da mai a cikin dutse daga turjiyar da aka auna, kuma har yau ana koyar da shi a jami'o'i. Abin lura a nan shi ne, tsarin jera sanduna huɗu da masu binciken ruwa suka fi amfani da shi a ƙauyukanmu, sunan Schlumberger yake ɗauke da shi. Wato tun asali, awon mai da awon ruwa gida ɗaya suka fito.

Ƙasar da Haɗeja take a kai

Matafiyin da ya taso daga Dutse zuwa Haɗeja zai ga duwatsu suna raguwa har su ɓace, sai jigayi da fadamu. Dalili kuwa shi ne, a kudu da yammacin jiharmu tsohon dutse mai tauri yana kusa da doron ƙasa, amma idan aka nausa arewa maso gabas sai ya nutse a ƙarƙashin shimfiɗun yashi da yumɓu na kwarin Tafkin Chadi. Ƙananan hukumomi takwas na masarautar, wato Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Kaugama, Malam Madori, Birniwa, Kiri Kasamma da Guri, suna kan waɗannan shimfiɗu ne. Shi ya sa Kogin Haɗeja, da zarar ya baro yankin duwatsu, yake rarrabuwa yana malala, wani kaso na ruwansa yana nutsewa cikin yashi, ya zama ruwan da rijiyoyinmu ke sha.

Wannan ne kuma ya sa wasu ke tambaya ko akwai mai a Haɗeja, tun da yake a cikin wannan kwari ne Jamhuriyar Nijar ta sami man Agadem, wanda matatar Damagaram ta fara tacewa a shekarar 2011. Amsar masana tana cikin kaurin shimfiɗun. Mai yakan samu ne idan laka mai ɗauke da ragowar halittu ta binnu a zurfin kilomita biyu ko fiye, zafi ya dafa ta na tsawon miliyoyin shekaru. Mu a bakin kwarin muke, inda shimfiɗun ba su yi kauri ba; kaurin yana ƙaruwa ne idan aka doshi tafkin. Don haka ne kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya mayar da hankali ga yankin Borno, inda ya haƙa rijiyoyi 23 kafin shekarar 2000. Biyu daga cikinsu, Wadi da Kinasar, sun nuna alamar iskar gas, amma ba wadda ta kai ta kasuwanci ba. An koma Wadi da sabon haƙa a watan Mayu na 2023. Saboda haka, duk wanda ya zo wa dagaci ko bulama da labarin a sayar masa da gona domin an ga mai, a nemi ya nuna takardar awo da sunan hukumar da ta yi shi. Arzikin da aka tabbatar yana ƙarƙashinmu shi ne ruwa.

'Yan Arewa da suka yi fice

Marigayi Dokta Rilwanu Lukman, haifaffen Zariya, ya karanci aikin haƙar ma'adinai a birnin Landan, ya zama Ministan Man Fetur a shekarar 1986, sannan ya riƙe muƙamin Babban Sakataren ƙungiyar ƙasashe masu arzikin mai, OPEC, daga 1995 zuwa 2000. Marigayi Dokta Maikanti Baru, injiniya ɗan Jama'are a Jihar Bauchi, ya shugabanci NNPC daga 2016 zuwa 2019, kuma a zamaninsa ne aka fara haƙa rijiya ta biyu a Kolmani, kan iyakar Bauchi da Gwambe, a watan Fabrairu na 2019. A watan Oktoba na wannan shekara aka sanar da cewa an sami mai da gas a wurin.

Wanda hanyarsa ta fi kusa da batunmu shi ne Malam Mele Kolo Kyari na Maiduguri. Ya kammala digiri a ilimin ƙasa da duwatsu a Jami'ar Maiduguri a 1987. Ya yi bautar ƙasa a matsayin masanin da ke tsayawa a bakin rijiya a hukumar DFRRI, wadda mutanen karkara ke tunawa da ita saboda hanyoyin ƙauye da rijiyoyin burtsatse. Bayan wasu shekaru a hukumar binciken ƙasa ta tarayya, ya shiga reshen NNPC mai sarrafa bayanan girgizar ƙasa a farkon shekarun 1990. Daga nan ya yi ta hawa har ya shugabanci kamfanin daga Yulin 2019 zuwa Afrilun 2025. Darasin da ke ciki ga yaranmu shi ne, mutumin da ya kai ƙololuwar harkar mai ta ƙasar nan, a bakin rijiyar karkara ya fara aiki.

Aikin yana da haɗari, kuma wajibi ne a faɗi haka. A watan Yuli na 2017 'yan Boko Haram sun kai wa ayarin masu binciken mai hari a yankin Magumeri na Jihar Borno, inda aka kashe ma'aikatan Jami'ar Maiduguri da jami'an tsaro da ke rakiyarsu, aka kuma sace ma'aikatan jami'ar uku waɗanda ba a sako su ba sai a watan Fabrairu na 2018. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Matakan zama ƙwararre

Ƙwarewa a wannan fanni tana da shaida, ba da baki ake iƙirarinta ba. Matakin farko shi ne karatu: digiri a ilimin ƙasa da duwatsu ko a kimiyyar awon ƙasa, kamar yadda ake yi a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Jami'ar Maiduguri, da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ta Bauchi, ko kuwa babbar difloma daga Cibiyar Horar da Ma'aikatan Mai ta Effurun a Jihar Delta. Asusun PTDF, wanda aka kafa a 1973, yana ba da tallafin karatu mai zurfi a fannonin mai a gida da waje.

Mataki na biyu shi ne rajista. Doka mai lamba 40 ta shekarar 1990 ta kafa majalisar COMEG, wadda ke da alhakin yi wa injiniyoyin ma'adinai da masana ƙasa rajista da sa ido kan aikinsu. Mataki na uku shi ne shiga ƙungiyoyin ƙwararru, inda takwarorin mutum ke auna aikinsa: ƙungiyar NMGS ta masana ma'adinai da ƙasa, wadda ta faro a 1961, da ƙungiyar NAPE ta masu binciken mai, wadda aka kafa a 1975, wadda babbar lambar yabonta ke ɗauke da sunan Aret Adams, tsohon shugaban NNPC. A matakin duniya akwai ƙungiyar SEG ta masu awon ƙasa, tun 1930, da ƙungiyar SPWLA ta masu nazarin awon rijiya, tun 1959. Ba a kai wa manyan matsayi a cikinsu sai bayan shekaru na aiki da rubuce-rubucen da wasu masana suka duba suka gamsu.

Abin da ake buƙata daga jami'ai da shugabannin al'umma

A ƙasa irin tamu, inda yashi da yumɓu suke hawa kan juna, kuskuren mita biyu ko uku wajen sanya bututu mai huda, wanda masu haƙa ke kira sikirin, ya isa ya lalata aikin miliyoyin naira. Idan aka sanya shi daidai da yumɓu, rijiya ba za ta ba da ruwan kirki ba. Idan aka sanya shi a rairayi mai laushi ba tare da tsakuwar tacewa ba, famfo zai yi ta tsotsar yashi har ya ƙone. Saboda haka ana shawartar shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli da kwamitocin ruwa na ƙauyuka da su kula da waɗannan abubuwa:

1. Kafin a fara haƙa, a nemi rahoton awon wuri mai ɗauke da sunan masanin da ya yi shi da lambar rajistarsa.

2. A tabbatar akwai masani a bakin rijiya yana ɗaukar samfurin ƙasa yana rubuta zurfin da kowanne ya fito, a kuma yi awon cikin rami kafin a zura bututu, musamman a rijiyoyi masu zurfi.

3. A toshe saman rijiya da siminti, a ɗaga dakalinta. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun nuna yadda ruwan kogi ke shanye garuruwan fadama, kuma rijiyar da ba a toshe ba takan haɗiyi ƙazantar masai.

4. Kada a biya cikon kuɗin kwangila sai an gwada ƙarfin rijiyar da famfo, an kuma gwada ingancin ruwan.

5. A ajiye kwafin takardun awo a sashen ayyuka na ƙaramar hukuma, a aika wani ga hukumar samar da ruwan karkara ta jiha. Takardar rijiya ɗaya takan rage wa rijiyar da za a haƙa kusa da ita kuɗi da kasada.

Kira ga iyaye da malamai

Yaron da zai shiga wannan fanni tun daga sakandare ake shirya shi, domin sai da sakamako mai kyau a lissafi da fiziks da kemistiri da Turanci ake samun gurbi. Ana kira ga iyaye da kada su cire yaro, namiji ko mace, daga ajin kimiyya don gudun wahalar lissafi. Kuma ko bai sami aiki a kamfanin mai ba, iliminsa bai faɗi ƙasa ba: Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, da ma'aikatun ruwa, da kamfanonin haƙa, da masu noman rani da ke dogaro da rijiyoyin fadama, duk suna buƙatar wanda ya iya karanta ƙasa.

Kammalawa

Hausawa na cewa, kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa. Al'ummar da ta bar kwangilar rijiya a hannun wanda ba shi da shaidar ƙwarewa, ita ce za ta koma ɗaukar tulu zuwa kogi. Girmama masana ba ya tsayawa ga lambobin yabo da ake bayarwa a Legas ko Abuja. Yana farawa ne daga kansilan da ya ƙi sa hannu a takardar biya sai ya ga takardar awo. Allah Ya ƙara wa Masarautar Haɗeja da Jihar Jigawa albarka, Ya ba mu ruwa mai amfani, amin.