Sirrin Mai Hulɗa Amana Ne A Wuyan Mai Shafin Intanet

A cikin watan Agusta na 2021, Hukumar Bunƙasa Fasahar Zamani ta Ƙasa, watau NITDA, ta ci wani kamfanin ba da rance ta waya mai suna Soko Lending tarar Naira miliyan 10. Idan mutum ya makara wajen biyan bashi, sai kamfanin ya aika wa mutanen da lambobinsu ke cikin wayarsa saƙo, ya tona masa asiri a gaban dangi da abokan aiki. Cikin laifuffukan da hukumar ta lissafa har da cewa takardar kare sirri ta kamfanin ba ta cika ƙa'ida ba.

To, mece ce wannan takarda? Ita ce bayanin da mai shafin intanet kan rubuta don ya sanar da masu hulɗa da shi abin da ya ke karɓa daga gare su, da abin da zai yi da shi. Ko ɗan kasuwa ne mai sayar da atamfa, ko makaranta, ko asibiti, muddin ana karɓar suna da lambar waya, to, an ɗauki amana.

Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya tabbatar wa ɗan ƙasa haƙƙin sirrinsa. A watan Yuni na 2023 kuma Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukumar NDPC don ta sa ido a kan masu tara bayanai. Sabo da haka rubuta takardar nan ya zama tilas.

Da farko, mai shafi ya faɗi ko shi wane ne, da inda za a same shi in magana ta taso. Sa'an nan ya lissafa abin da ya ke tarawa ɗaya bayan ɗaya, har da 'yan alamun nan da shafi kan ajiye a wayar mutum don ya gane shi in ya dawo. Kowane abu kuwa a haɗa shi da dalilinsa. Alal misali, maimakon ya ce "muna amfani da bayananka don kyautata ayyukanmu", wanda bai gaya wa kowa kome ba, sai ya ce "muna karɓar adireshinka don mu kai maka kaya, muna kuma ba direban da zai kai". Abin da ba shi da dalili, kada a karɓe shi tun farko. Mai sayar da takalma ba ruwansa da hotunan da ke cikin wayar mai saye.

Bugu da ƙari, wajibi ne a ambaci waɗanda za a miƙa wa bayanan, kamar banki ko kamfanin talla, da tsawon lokacin da za a ajiye su. A kuma gaya wa mutum haƙƙinsa: yana iya neman ganin abin da aka tara a kansa, a gyara kuskure, a goge, ko ya janye yardarsa, in an ƙi kuwa ya kai ƙara wurin hukuma. Yaro kuma sai da iznin iyaye ko waliyyinsa.

Babban inda a ke tuntuɓe shi ne harshe. A watan Janairu na 2019 hukumar Faransa ta ci kamfanin Google tarar Yuro miliyan 50, ɗaya daga cikin dalilan kuwa shi ne an warwatsa bayani a takardu dabam dabam, har mutum sai ya latsa sau biyar ko shida kafin ya kai ga abin da ya ke nema. Dokarmu ma ta ce bayanin ya kasance a fili, a taƙaice, mai saukin samu. Wanda masu cinikinsa Hausawa ne, ya kyautu ya sa a rubuta masa da Hausa.

Kada kuma a kwafo ta wani kamfanin Amurka a manna. Tasu ta dace da aikinsu da dokarsu, wanda ya kwafa kuwa ya ɗaukar wa kansa alkawarin da bai ma san da shi ba. Alkawari kaya ne. In an ce za a goge bayani bayan shekara ɗaya, lalle a goge. In ɓarayi sun kutsa sun kwashi bayanan da za su iya cutar da jama'a, doka ta ba da awa 72 a sanar da hukuma. Manyan masu tara bayanai da suka saɓa, tararsu na iya kai Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigarsu na shekarar da ta gabata, duk wanda ya fi yawa.

Jama'a kuma, a daure a riƙa karantawa kafin a latsa "na yarda". Allah ya ba mu ikon riƙon amana, amin.