Kafin Katafila Ta Iso: Jan Hankali Kan Shata Hanyar Kewaye Gari

Duk garin da Allah Ya yi wa albarkar kasuwa da yawan jama'a, har ya zama mahaɗar hanyoyin fatauci, lalle wata rana titunansa za su kasa ɗaukar abin da ake ɗora musu, domin tirelar da ta taso daga Ikko za ta Maiduguri, da tankar man da ta nufi Katsina ko Maraɗi, ba su da wata bukata a tsakiyar birni, illa dai hanya ce ta bi da su ta nan, suna gogayya da masu keke da 'yan makaranta, suna farfasa kwalta, wani lokaci kuma su yi sanadin rasa rayuka. Wannan shi ne dalilin da ya sa hukuma take gina hanyar kewaye gari, wadda direbobi ke kira baifas, kuma babu mai hankalin da zai yi musun amfaninta. Abin da yake bukatar tadabburi shi ne inda za ta bi, gama a nan ne maslahar wasu take zama musibar wasu, kuma galibi akan yanke wannan hukunci a kan taswira shekaru kafin mai gona ya ji ƙarar katafila.

Mutanen Kano ba baƙi ba ne ga shata layi a kewaye da gari. Tarihi ya nuna Sarki Gijimasu ne ya soma ginin ganuwa a farkon ƙarni na 12, Muhammadu Rumfa kuma ya faɗaɗa ta a ƙarni na 15, kuma waɗannan magabata sun bar gonaki da sarari mai yawa a cikin ganuwar, saboda sun san gari abu ne mai girma. A zamanin boko ma an yi wa Kano tsarin shekara ashirin, daga 1963 zuwa 1983, wanda Bature Trevallion ya rubuta, amma garin ya tsere wa tsarin, ya malala cikin Kumbotso da Ungogo. Wanda ya bi baifas ta gabas a yau, ya ratsa ta Hotoro, zai ga shaguna da gareji da gidajen mai da rumfunan masu shayi sun rufe ta dama da hagu, har baƙo ba zai ce an gina ta ne don ta kauce wa gari ba. Haka lamarin yake a Kaduna, inda baifas ta yamma, wato titin Nnamdi Azikiwe, take ratsa unguwanni masu cunkoso irin su Bakin Ruwa da Kurmin Mashi, mata da yara suna tsallaka ta safe da yamma a gaban manyan motoci.

Illar a nan ita ce hanya tana jan gari zuwa gare ta kamar yadda zuma ke jan ƙuda. Da zarar an zuba kwalta, sai mai faci ya kafa rumfa, mai abinci ta bi shi, direbobi su soma yada zango, filin da jiya ake noma gero a kansa ya zama fuloti, kafin shekara goma an sami unguwa da masallacin Juma'a. Saboda haka masu shata hanya suna tsakanin abu biyu: in sun matso da ita kusa da gari, gari zai haɗiye ta, ga kuma diyyar gidaje mai yawa, in sun nesanta ta ƙwarai, kuɗin aiki ya ƙaru, direba kuma, wanda lissafin man da zai ƙona yake yi, ya ƙi bin ta, ya ci gaba da kutsawa ta cikin birni. Injiniyoyi sukan zana layi biyu ko uku, su auna tsawon kowanne, da yawan gadoji da kwalbatocin da zai ci, da irin ƙasar wurin, ko marmara ce ko laka, da abin da za a biya na diyya, sa'an nan su zaɓi wanda ya fi sauƙi. Ba na zargin kowa da mugun nufi, amma layin da ya fi arha a takarda sau da yawa shi ne wanda ya bi ta gonakin talakawa da ƙauyukan da ba su da mai magana da yawunsu.

Akwai kuma abubuwan da taswira ba ta faɗa, sai mutanen wurin. Hoton da aka ɗauka daga sama ba zai nuna cewa wancan kurmin tsohuwar maƙabarta ce ba, ko cewa wannan siririn sarari da ke tsakanin gonaki burtali ne da shanu ke bi zuwa mashaya tun kaka da kakanni, wanda in aka toshe shi rigimar manoma da makiyaya ce za ta biyo baya. Ba zai nuna inda ruwa ke kwaranya a watan Agusta ba, alhali hanyar da aka ɗaga da cikon ƙasa, aka ƙaranta mata kwalbati, madatsa ce, ruwan da ta tare kuwa a ɗakunan mutane zai kwana. Fadamar da ake noman rani a cikinta, da rijiyar da gari ke sha, da makarantar da za ta koma tsallaken titi ta bar ɗalibanta a wannan gefe, duk ilimi ne da yake hannun dagaci da mai unguwa da limami da tsofaffin gari. Dokar auna tasirin manyan ayyuka ga muhalli, wadda aka kafa a 1992, ta wajabta a yi bincike kafin a fara irin wannan aiki, a kuma ajiye rahoton inda jama'a za su duba su faɗi ra'ayinsu cikin wa'adin da aka sanar. Kaɗan ne ƙwarai suke zuwa dubawa, alhali lokacin nan ne ake iya karkatar da layi da biro kawai. Bayan an ba da kwangila kuwa, kowane taku na canji kuɗi ne, ba kuma mai son jin maganarsa.

Ta fuskar shari'a, fuƙaha'u sun halatta wa shugaba ya karɓi mallakar mutum saboda maslahar al'umma, da sharaɗin bukatar ta tabbata kuma a biya ƙimar abin da aka karɓa bisa adalci. Hujjar da sukan kawo ita ce abin da Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, ya yi a shekara ta 17 bayan hijira, sa'ad da ya faɗaɗa Masallacin Harami: ya sayi gidajen da ke kewaye, waɗanda suka ƙi sayarwa kuma aka rushe nasu, aka ajiye musu kuɗinsu a baitulmali har suka zo suka karɓa. A ƙasarmu ma Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa littafi musamman a kan hukunce-hukuncen mallakar ƙasa da hurumi. Ashe ke nan ba daidai ba ne mutum ya ce hanya ba za ta bi ta gonarsa ba ko da sama da ƙasa za su haɗu, kamar yadda ba daidai ba ne a karɓe ta a bar shi da hamdala.

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sanya ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, ta kuma ba shi ikon soke haƙƙin mallaka saboda bukatar jama'a, bayan an ba mai wurin sanarwa. Abin da ya kamata kowa ya sani, domin nan ne mutane da yawa suke shan mamaki, shi ne diyyar da dokar ta tanada ta abin da ke kan ƙasa ce, wato gini da shuka da itatuwa da rijiya da makamantansu, ba kuɗin da dillali zai yi wa filin a kasuwa ba. Don haka ranar ƙidaya ita ce ranar da ta fi kowace muhimmanci. Ma'aikata za su zo da takarda da abin awo, su tsaya a bakin gona, ɗaya yana ƙirga ɗorawa da mangwaro da tsamiya, ɗaya yana rubutawa, a ɗauki hoton mai gona riƙe da allo mai lamba, a wuce gaba. Wanda ya tafi cin rani ko ya tafi kasuwa a ranar, wani ne zai tsaya a madadinsa, sunan wanda ya tsaya kuwa shi zai shiga takarda. A tsaya da kai, a tafi da mai karatu cikin 'ya'ya, a ƙirga tare da su, kada a dangwala yatsa a kan abin da ba a karanta ba, a kuma nemi lambar da aka ba gonar a adana.

Nan ne kuma gonar gado da ba a raba ba take zama fitina, gama babban wa yakan tsaya da sunansa shi kaɗai, kuɗi su faɗa asusunsa, 'yan'uwa mata da ke gidajen aure da marayun ƙanensa su ji labari bayan an cinye. Cin dukiyar maraya kuwa kowa ya san matsayinsa a addini. Wajibi ne dangi su zauna gaban alƙali ko malamin da ya san ilimin fara'ili tun ran da aka ga safiyo ya kafa fegi. Haka nan gonar da ke hannun wani bisa aro ko jingina, a fayyace gaban shaidu wane ne mai ƙasa da itatuwa, wane ne mai shukar bana.

Sai a yi hattara da baƙin da kan bayyana a ƙauye haka kawai, da mota mai duhun gilashi, suna tayin gona da kuɗin da ya ɗan ɗara na jiya. Sau da yawa sun riga sun ga taswirar, sun san gonar ba a kan layi take ba, a bakinsa take, inda nan da 'yan shekaru fuloti ɗaya zai yi kuɗin gonar duka. A wani gefen kuma ga masu awon igiya, suna yanka fili a kan layin kansa suna sayar wa mai neman matsuguni, wanda zai zuba abin da ya tara a gini, ya wayi gari da jan fenti a bango. Manyan titunan tarayya suna da hurumin mita 45.72 daga tsakiyar titi zuwa kowane gefe, wanda ya yi gini a ciki bayan an shata shi kuwa ba shi da hujjar neman diyya. Masu hanzarin aza bulo da daddare don a ƙirga musu, su ma caca suke yi da dukiyarsu, bayan ha'incin da ke ciki.

Kada kuma a ɗauka kafa fegi yana nufin aiki ya zo. An ba da kwangilar baifas ta gabashin Kaduna a 2002, ta yammacin Kano, wadda ta tashi daga Na'ibawa ta nufi Dawanau, a 2007, kowacce kuwa ta haura shekara goma ba a kammala ta ba. A irin wannan jira darajar kuɗi tana zubewa, diyyar da aka ƙiyasta bara ba ta sayen bulon da za ta saya a lokacin. Saboda haka idan aka kira taro a ƙofar hakimi, a tambayi yaushe za a biya, kuma kafin rushewa ne ko bayanta. A tambayi inda mutane da dabbobi za su tsallaka, da inda tireloli za su yi zango, da wanda zai cike ramukan da za a haƙi marmara, domin da damina sukan zama kududdufai masu zurfi da yara ke faɗawa. A sa magatakarda ya rubuta amsoshin da sunan jami'in da ya bayar da su, a ajiye kwafi ɗaya wurin dagaci, ɗaya wurin limami.