Zoben Ƙarfe: Yadda Ake Rage Asara Wajen Ƙera Shi

Zoben ƙarfe mai fale-fale, wanda bakanikai ke kira washa, yana daga cikin ƙananan kayan da kusan kowane inji ke ɗauke da su. Ƙaraminsa ake sawa ƙarƙashin noti don ya raba nauyin ɗauri, manyansa kuma suna cikin giya da kuloci da mahaɗar bututu. Siffarsa ba ta da wuya, faifai ne da rami a tsakiya, amma wannan ramin shi ne tushen asarar ƙarfe a masana'anta.

Hanyar da aka fi sani ita ce hudawa. Ana tura dogon fallen ƙarfe cikin injin matsi, haƙori ɗaya ya huda tsakiya, wani ya yanke da'irar waje, zobe ya faɗo. Aikin yana da sauri, sai dai lissafi yana nuna tsadarsa. Da'irar da aka yanko daga murabba'i ba ta ɗaukar fiye da kashi 78.5 cikin ɗari na fallen, ragowar kusurwoyi ne. Idan zoben yana da faɗin milimita 100 daga waje da rami na milimita 80, abin da ya zama zobe kusan kashi 28 ne kawai. Kashi 72 ya tafi tarkace. Ana sayar da tarkacen ga masu narkarwa, amma da farashin da bai kai na sabon falle ba, kuma sai an sake ƙona wuta kafin ya koma ƙarfe mai amfani.

Matakin farko na rage asara shi ne gyara jeri. Maimakon a jera da'irori ɗaya bayan ɗaya a layi guda, sai a yi layuka da yawa, kowace da'ira ta shiga lungun biyun da ke gefenta, kamar saƙar zuma. Wannan jeri yana iya kusantar kashi 90.7, wanda shi ne iyakar abin da da'irori masu girma ɗaya za su cike. Mataki na biyu shi ne cin moriyar faifan da ya fito daga tsakiya: daga cikinsa a huda ƙaramin zobe, daga cikin wancan kuma a huda wanda ya fi shi ƙanƙanta. Dabarar tana aiki ne idan kauri da irin ƙarfen da ake bukata ɗaya ne.

Hanyar da ta fi kawar da asara ita ce a bar hudawa a koma lanƙwasawa. Ana ɗaukar siririn ƙarfe mai faɗi daidai da bakin zoben, a bi da shi tsakanin naɗoji masu juyawa waɗanda ke tanƙwara shi ta gefensa, ba ta fuskarsa ba. Yana fitowa a naɗe kamar sifirin, sai a yanka zagaye ɗaya-ɗaya, a daidaita bakunan, a haɗa su da walda in ana bukata, a danne ya kwanta. Ga zoben da aka ambata, ƙarfe mai faɗin milimita 10 da tsawon kimanin milimita 283 ya wadatar. Ba a huda rami ba, don haka babu faifan da za a zubar.

Lanƙwasa ta gefe tana da nata wahalhalu. Gefen waje yana miƙewa ya sirance, na ciki yana takurewa ya yi kauri; a wannan misali kowanne yana sauyawa da kusan kashi 11. Saboda haka masu yin washa mai tsaga, wadda ake sawa don hana noti kwancewa, sukan fara da waya mai kauri a gefe ɗaya, ta yadda bayan naɗi kaurin zai daidaita. Ƙarfe kuma yana ɗan buɗewa idan aka sake shi, don haka ana matse naɗin fiye da girman da ake so. Mahaɗar walda tana bukatar goga, wani lokaci da gashi a wuta don ta daina tauri mai sa karyewa. A gefe guda akwai riba: jijiyar ƙarfen tana bin zagayen zoben maimakon ta ratsa shi, abin da ke ƙara masa juriya.

Masana'antu da dama suna bin wannan hanya. Kamfanin Smalley da ke jihar Illinois a Amurka ya yi suna da zobban Spirolox da ake naɗawa daga waya mai faɗi. Zoben haƙora da sitata ke kamawa a jikin injin mota galibi daga sandar ƙarfe ake lanƙwasa shi, a haɗa bakinsa da waldar lantarki, sannan a fitar da haƙoran. Idan zobe ya yi girma ƙwarai, akan yanka shi gutsure-gutsure masu siffar baka, waɗanda ke jeruwa a matse a kan falle, daga baya a harhaɗa su.

Zaɓi tsakanin hanyoyin ya dogara da girman rami. Washar noti mai lamba M10 tana da faɗin milimita 20 da rami na 10.5, lanƙwasa irinta zai miƙe gefen waje da kusan kashi 31, don haka hudawa ta fi dacewa da ita, musamman da yake ana yin ta da yawa. Zobe mai babban rami da siririn baki kuwa, lanƙwasawa ce ta fi masa sauƙin kuɗi, kuma ribar tana ƙaruwa idan ƙarfen mai tsada ne, kamar wanda ba ya tsatsa.