Abin da Kawu ya gani a ɗakin halwa

Ina da shekara goma sha biyu aka ɗora mini aikin kai wa Kawu kunu. Ya shiga halwa a wani ɗan ɗaki da ke ƙuryar gidanmu a Sanyinna, inda a da ake jibge damman gero. An share ɗakin, an shimfiɗa buzu, an toshe 'yar tagar da tsumma. Ƙa'idar ita ce in ajiye ƙwarya a bakin ƙofa idan an kira magariba, in ƙwanƙwasa sau ɗaya, in juya ba sallama. Nakan ɗan laɓe in kasa kunne. Ba ka jin komai sai ƙas-ƙas ɗin tasbaha da numfashi mai nauyi. Da safe in ɗauko ƙwaryar, sau da yawa ko rabi bai sha ba.

Ranar da ya cika kwana arba'in ya fito ya rame, yana kare ido da hannu saboda hasken rana. Da mutane suka ragu na matsa kusa da shi.

"Kawu, mi kag gani ciki?"

Ya dube ni ya yi murmushi. "Ɗana, in na hwaɗa maka zaƙin zuma, bakinka shina yin zaƙi?"

Amsar da na samu ke nan. Amma majalisar ƙofar gida ba ta rasa tata ba. Wani dattijo ya rantse cewa an yi wa Kawu buɗi, tun da ya gaisa da shi jikinsa ke tsuma. Wani ustazu da bai daɗe da dawowa daga karatu ba ya ce shi a kawo masa dalili daga aya ko hadisi. Malamin makarantar boko da ke zama da su ya kaɗa kai, ya ce duk wanda aka kulle cikin duhu da yunwa da rashin barci dole ya ga abubuwa, ko bai yi wuridi ba. Su ukun nan Musulmi ne, sahu ɗaya suke bi. Mai shakka a wurinmu galibi ba Allah yake shakka ba, kai da ka ce ka gani yake tuhuma.

Wannan gardama ta girmi kakanninmu. Bahaushe ya ce gani ya kori ji, kuma masu tasawwufi a kan haka suka gina tafiyarsu. Yawancinmu imaninmu na ji ne: iyaye suka faɗa, malam ya karantar, muka gaskata. Sufi ba ya raina wannan, sai dai yana cewa akwai gaba. Yakan kawo Hadisin Jibrilu, inda bayan Musulunci da imani aka ambaci ihsani, wato bauta irin ta wanda yake kamar yana ganin Ubangijinsa. Yakan kawo Annabi Ibrahim, da ya roƙi a nuna masa yadda ake rayar da matattu don zuciyarsa ta natsu, alhali ya riga ya yi imani. Malamai sun kasa yaƙini kashi uku. Wanda ya hango hayaƙi ya san akwai wuta. Wanda ya ƙarasa ya ga harshenta ya fi shi. Wanda ta lasa a hannu kuwa ba ya neman shaida. Wannan lasar ita suke kira zauƙi, ɗanɗano. Halwa da wuridi da rage ci da rage barci da kame baki hanyoyi ne kawai na kashe hayaniyar da ke hana zuciya ji.

Mu mutanen ƙasar Sakkwato ba sai mun je nesa neman misali ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da kansa ya rubuta cewa yana da shekara 36 aka yaye masa wani lulluɓi, ganinsa da jinsa da sauran gaɓoɓinsa suka ƙara kaifi. Da ya kai arba'in, wajen 1794 yana Degel, ya ga an kai shi hallarar Manzon Allah (SAW), Shehu Abdulƙadir Jilani ya rataya masa takobin gaskiya. Shekara goma bayan haka aka yi hijira zuwa Gudu. To amma a dubi sauran aikin mutumin. Shi ne ya rubuta Ihya'us Sunna, littafin da ke bin al'adu da ibadu yana tankaɗe bidi'a daga sunna. Da jama'a suka fara raɗe-raɗin cewa shi ne Mahadi, ya ɗauki alƙalami ya ƙaryata su. Da wasu ɗaliban ilimin tauhidi suka tashi kafirta talakawa don ba su iya kawo hujjojin hankali a kan imaninsu ba, ya yi musu raddi a rubuce-rubuce da dama, ya tsaya a kan cewa imanin manomi da makiyayi ingantacce ne. Ga mutum ya ɗanɗana, amma bai mai da ɗanɗanonsa sanda ya doki kowa ba. Idan zai kafa hukunci, littafi yake buɗewa. Gidansa ma ya tara iri-iri: ɗansa Muhammadu Sambo ya shahara da zuhudu da keɓewa, jikansa Abdulƙadir ɗan Tafa na Salame ya nutsa cikin falsafar sufaye, ɗansa Buhari kuma ya riƙe Tambuwal yana tsaron ƙasa.

Wanda ya fi kowa bayyana ciwon shakka a tarihin Musulunci shi ne Imamu Gazali. A littafinsa Munƙizu minad Dalali ya ba da labarin yadda ya daina yarda da idonsa, tunda ido na nuna tauraro ƙarami alhali lissafi ya ce ƙato ne. Daga nan ya tuhumi hankalin shi ma. Ya yi kusan wata biyu cikin wannan hali. A 1095, yana babban malami a makarantar Nizamiyya ta Bagadaza, harshensa ya ƙulle, ya kasa ba da darasi, ya bar kujera da albashi ya shiga duniya yana halwa kusan shekara goma. Abin da ya dawo da shi shi ne cewa sanin ma'anar ƙoshi daban, ƙoshi daban. Ina son labarin nan don yana nuna shakka ba kullum take zama ƙofar halaka ba. Da Gazali bai tuhumi abin da ya gada ba, da ya mutu yana maimaita karatun wasu.

A ƙarnin da ya wuce maganar ta sake zafi. Shehu Ibrahim Inyas na Kaulaha a Senegal ya bayyana faila a 1929, tarbiyyarsa ta bazu a Kano da Gusau da sauran garuruwa, har ma'arifar da a da ake ganin sai tsofaffin malamai ƙalilan ta zama abin da tela da ɗan kasuwa ke nema. Shehu Abubakar Gumi, ɗan Gummi, ya fitar da littafinsa na aƙida a 1972 yana sukar ɗariƙu, aka kafa Izala a Jos a 1978. An yi zage-zage, an raba masallatai, har aure ya mutu a wasu gidaje. Idan aka kwashe ƙurar, tambayar da ke ƙasa ɗaya ce: abin da mutum ya ji a zuciyarsa, yana zama hujja a kan wani?

Turawa ma sun shigo maganar ta tasu ƙofar. Tun 1979 wani masani a Amurka, Jon Kabat-Zinn, ya ɗauko zaman natsuwa na mabiya Buda, ya cire masa rigar addini, ya mai da shi hanyar rage damuwa da raɗaɗi a asibiti. Yau akwai waɗanda ba su yarda da kowane addini ba amma kullum sai sun zauna sun rufe ido suna bin numfashinsu, suna kuma cewa suna jin son kai na narkewa. Wani likita, Andrew Newberg, ya ɗauki hoton ƙwaƙwalwar mabiya Buda masu wannan zama da na mata masu zaman zuhudu na Katolika suna tsakiyar addu'a, ya ga aiki ya ragu a sashen da ke tantance wa mutum iyakar jikinsa da abin da ke kewaye da shi. Malamin bokonmu zai ce, ka ji ko? Ya yi gaskiya rabi. Yunwa da duhu da rashin barci suna sa mutum ya ga haske ya ji murya, wannan likitoci sun tabbatar. Amma hoton ƙwaƙwalwa bai yanke hukunci ba. Idan ka sha fura mai sanyi ma ƙwaƙwalwa tana motsi, wannan bai sa furar ta zama mafarki ba. Na'ura tana nuna cewa wani abu na faruwa a cikin kai, ba ta da bakin cewa daga ina ya zo.

Sai dai akwai abin da binciken ya tona wanda ya kamata mai halwa ya tsaya a kansa. Ɗan Buda ya zauna ya ji iyakarsa ta ɓace, ya kira abin da sunan da ya koya. Bakatolika ta ce Almasihu ne. Wanda ba shi da addini ya ce aikin jijiyoyi ne. Muridi ya ce fana'i. Kowa da ƙwaryar da ya shiga da ita yake ɗebo ruwan. A nan nake ganin karin maganarmu ta gaza: gani bai kori ji ba, domin da abin da ka ji kake fassara abin da ka gani.

Tsofaffin sufaye sun riga mu sanin wannan, shi ya sa suka fi kowa tsoron kashafi, wato abin da ake yaye wa mutum ya gani. Suna cewa ba a shiga halwa sai da izini da shehi mai lura, ba a shiga sai an san farillan alwala da salla. Duk haske ko murya da ta zo, a auna ta da shari'a. In ta saɓa, a jefar. Suna da kalmar istidraji, wato a sakar wa mutum abin mamaki yana ta nisa da gaskiya yana zaton kusanci ne. Muridi in ya zo yana rawar jiki ya ga kaza, shehin kirki yakan ce masa ganin Dala ba shiga birni ba ne, koma ka ci gaba da lazimi. Kowane gari kuma yana da labarin wanda ya ɗauki wuridi mai nauyi shi kaɗai, don neman rauhanai ko kuɗi, ya fito yana surutai a kasuwa. Irin wannan asibiti yake buƙata, kuma jinkirta kai shi da sunan wai jazabu ne zalunci ne. Akwai kuma wanda zai ce an nuna masa a halwa cewa ka ba shi gonarka ko 'yarka, ko an ɗauke masa salla. A gabansa ustazun nan mai neman dalili shi ne garkuwar gari.

Inda nake rabuwa da ustazu da malamin boko shi ne gaggawar cewa babu komai a ɗakin. Ba su shiga ba. Ni ma ban shiga ba, iyakata bakin ƙofa da ƙwarya. Abin da na shaida shi ne na waje. Kafin halwar nan Kawu mutum ne mai zafin rai, yara na watsewa in sun hango shi, ya shekara bakwai ba ya ga maciji da ƙaninsa saboda iyakar wata gona a fadama. Kwana uku da fitowarsa, tun ƙafafunsa ba su gama ƙwari ba, ya ce in riƙe masa buta in raka shi. Muka je ƙofar gidan ƙanin nasa, ya yi sallama sau uku kafin a amsa. Da mutumin ya leƙo, Kawu ya ce, "Na zo ka yahe mani. Kunyar nan biyu da muka yi ta hwaɗa a kai, ka noma su."

Bai taɓa karɓar muridi ba, bai taɓa ba kowa laƙani ba. Ya rasu bai gaya wa ko matarsa abin da ya gani ba. Ɗakin kuma aka ci gaba da zuba gero a ciki.