Ƙarin da wuƙa kaɗai ba ta gama da shi

Da an ce mutum yana da ƙari a jiki, shawarar kowa ɗaya ce: "A yanke kawai a huta." To akwai wani ƙari da wannan shawarar ba ta cika yi masa ba, likitoci na ce masa desmoyid. Yana tsirowa ne daga zaruruwan da ke ɗaure tsoka, galibi a tsokar gaban ciki, kafaɗa, cinya, ko can ciki kusa da hanji. Ba shi da yawa, kamar mutum 2 zuwa 4 ne cikin miliyan a shekara, amma ya fi kama matasa irinmu, musamman mata bayan haihuwa.

Ba ya yaɗuwa zuwa huhu ko hanta kamar sankara. Matsalarsa naci. Ba shi da iyaka sananniya, kutsawa yake cikin naman da ke kewaye kamar saiwar kirikiri a gona. Don haka likitan tiyata sai ya haɗa da lafiyayyen nama ya yanke, kuma duk da haka sau da yawa yakan dawo a wurin. Wani ma a tabon tsohuwar tiyata yake fitowa.

Shi ya sa yanzu matakin farko ga mafi yawan masu shi shi ne sa ido. A ɗebi ɗan nama a gwada, sannan a riƙa ɗaukar hoton MRI duk bayan 'yan watanni. Wasu sukan tsaya cak, wasu su motse da kansu. Ni dai a ganina nan ne mutanenmu za su fi shan wuya, don likita ya ce "mu jira" sai dangi su ɗauka sakaci ne, a wuce wajen wanzami. Wallahi tsaga ba ta taɓa wannan ƙarin.

Gashi da na'urar radiyoterafi kuwa ana yin sa ne idan ƙarin na girma ko ciwo ya yi tsanani, kuma yanka zai nakasa hannu ko ƙafa. Yakan ɗauki mako 5 zuwa 6, kwana 5 a mako. Yana dakatar da ƙarin a mafi yawan lokuta, sai dai a hankali yake aiki, har fiye da shekara. Likitoci na ɗari-ɗari da shi ga yara da matasa, saboda yana sandarar da tsoka, kuma bayan shekaru yana iya jawo sankara a wurin da aka gasa.

Akwai kuma magunguna. A 2023 Amurka ta amince da nirogacestat, maganin farko da ta ba lasisi takamaimai don wannan ciwon.