QRL?: Sallamar da masu rediyo ke yi kafin su shiga mita

Tsakanin kilohaz 14,000 da 14,070 a gajeren zango, dare da rana ba a rasa ƙarar "di-da, di-da". Masu sha'awar rediyo ne, waɗanda ake kira radioamateurs da Faransanci, ke hira da baƙaƙen Morse, tsarin da ya samo asali daga tangarahon Samuel Morse wanda ya aika saƙo daga Washington zuwa Baltimore a 1844. Jiragen ruwa sun daina dogaro da shi wajen neman agaji tun 1999, kuma a 2003 hukumar sadarwa ta duniya ITU ta janye sharaɗin iya shi kafin a ba mutum lasisi. Duk da haka masu maɓalli ba su ajiye ba, kuma a cikin ladubbansu babu wanda ake yawan karyawa kamar na shiga mitar da wani ke kai.

Ƙa'idar farko ita ce babu mai mita. Lasisi na ba mutum izinin amfani da zango, ba ya mallaka masa wuri. Wanda ya riga zama shi ke da ita har ya gama.

Matsalar ita ce shiru a kunne ba ya nufin wurin babu kowa. Saƙon gajeren zango yana tashi sama, ya bugi wani sashe na sararin samaniya, ya sauko can nesa, yana tsallake garuruwan da ke tsakani. Mai saurare a Maraɗi zai iya jin tashar Italiya tangaram, amma ya kasa jin wadda take hira da ita a Agadas. Idan ya murɗo daidai lokacin da na Agadas ke bugawa, sai ya ɗauka kango ya samu. Da ya fara kiran CQ, wato gayyatar duk mai ji, ya binne maganar wani. Wanda abin ya fi cuta shi ne mai ƙaramar na'ura ta wat 5, wanda wataƙila ya daɗe yana jiran wannan damar, ko mai isar da saƙon gaggawa daga inda waya ta yanke.

Shi ya sa ake sallama. Bayan saurare na ɗan lokaci, mutum ya buga QRL?, ma'ana "akwai mai aiki a nan?". Sai ya ɗaga hannu daga maɓalli na ƴan daƙiƙu, ya sake tambaya, ya sake jira. Idan har yanzu shiru, to ya kira CQ. Jiran nan shi ne ainihin ladabin. Wanda ya buga QRL? ya zarce da CQ a numfashi ɗaya, tamkar baƙon da ya yi sallama ne ƙafarsa na tsakar gida.

Amsa ma tana da nata tsari, kuma gajarta ake so, domin mai amsawar yana tsakiyar kama saƙon abokin hirarsa. Harafin C kaɗai ya isa, yana nufin "eh". Wasu su buga R, wasu su maido QRL ba alamar tambaya, wasu su ƙara PSE QSY, wato "don Allah a matsa". Wanda ya yi tambayar ba ya buƙatar dogon ban haƙuri, don kowane harafi ƙarin katsalandan ne. Ya matsa kawai. Wurin ma ba ya wuya: saƙon Morse bai cika cin fiye da haz 150 ba, alhali murya na cin kusan 2,400. Tsofaffin hannu kan taƙaita tambayar zuwa "didit dit", harafin C na tsohon Morse ɗin Amurka, amma sabon shiga ba lalle ya gane ba.

Waɗannan gajerun kalmomi masu farawa da Q an amince da su ne a taron rediyo na duniya da aka yi a Landan a 1912, don ma'aikatan jiragen ruwa masu harsuna daban-daban su fahimci juna. Ladubban kuwa, wasu ƴan Beljiyam biyu, John Devoldere da Mark Demeuleneere, sun tattara su a wani littafin jagora da ƙungiyar masu sha'awar rediyo ta duniya IARU ta karɓa a 2008.

Idan hira ta ƙare, mitar ta wanda ya fara kiran CQ ce. Wanda ya amsa masa shi ke tashi.

Inda lamarin ya shafi Nijar kai tsaye shi ne lambar kira. Tashoshin Nijar suna farawa da 5U, na Najeriya da 5N, kuma da yake masu fitowa da 5U kaɗan ne, da zarar ɗaya ta bayyana sai masu kira daga Turai, Amurka da Japan su yi mata ca. Mai tashar kan buga UP, ma'ana yana aikawa a nan amma yana saurare sama da kilohaz ɗaya ko biyu. Wanda bai lura ba ya kira a kan mitarsa, nan take wasu da suka naɗa kansu ƴan sandan mita su rufe shi da UP UP, har surutunsu ya fi na mai kuskuren ɓarna. Jagoran IARU bai goyi bayansu ba: idan gyara ya zama dole, mutum ɗaya ya yi shi sau ɗaya, a taƙaice, sauran su bar maɓallansu su saurari 5U.